Yadda Ake Auna Sauƙin Kasuwanci a Birni, a Kwatanta Shi da Wani

Mai jarin kafa injin casar shinkafa da ke kai-kawo a ransa tsakanin Kano, Kaduna da Gombe ba ya rasa masu ba shi shawara. Wani zai ce Kano ce cibiya, ko da me ka zo an fi ka. Wani zai ce ai Gombe ce ta zo ta ɗaya a rahoton sauƙin kasuwanci na jihohi da majalisar PEBEC, ta shugaban ƙasa mai kula da sauƙaƙa kasuwanci, ta fitar a 2021, ta sake zuwa ta ɗaya a 2023. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma babu wanda ya amsa masa abin da ke hana shi barci: kwana nawa kafin takardar fili ta shigo hannunsa, awa nawa wuta ke tsayawa a layin da zai zauna, naira nawa tirela za ta ci kafin buhunsa ya isa kasuwa. Aikin mai awo shi ne ya mayar da waɗannan tambayoyi lambobi da za a jera kafaɗa da kafaɗa ba tare da an cuci wani gari ba.

Fara da shata iyaka

Kuskuren farko, wanda kuma ya fi yawa, shi ne a ɗauki jiha a ce birni ce, ko a ɗauki ƙaramar hukuma ɗaya a ce ita ce birnin. Ƙwaryar Kano ta haɗa ƙananan hukumomi 8: Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo. Amma kasuwar hatsi ta Dawanau tana Dawakin Tofa, kuma duk awon da ya bar Dawanau a waje bai auna Kano ba. A Kaduna gari ya malala cikin Chikun da Igabi. Abuja ta fi su rikitarwa, domin ma'aikatanta da yawa suna kwana a Mararraba ta jihar Nasarawa ko Suleja da Madalla ta jihar Neja, inda dokar haraji da ofishin filaye duk daban ne. Haka masana'antun Agbara da Ota: a jihar Ogun suke, amma da kasuwar Legas suke numfashi.

Ƙa'idar da ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD da Tarayyar Turai ke bi ita ce a haɗa wa birni duk yankin da aƙalla kashi 15 cikin 100 na masu aikinsa ke shiga birnin neman abinci. A Najeriya, inda ƙidaya ta ƙarshe ta 2006 ce, irin wannan lissafi sai dai a kusanta shi da dabara. A ɗauki hoton tauraron ɗan'adam a zagaye inda gine-gine suka haɗe. Rumbun bayanai na Africapolis yana ɗaukar gine-ginen da tazararsu ba ta wuce mita 200 ba a matsayin gari ɗaya. Daga nan a tsaya a manyan hanyoyin shiga gari daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe, kwana uku da ba ranar kasuwa ba, a ƙirga motocin haya da inda suka taso. Garin da motocinsa ke cika da safe su dawo cike da yamma, ya shiga cikin iyaka. A rubuta jerin ƙananan hukumomin da aka haɗa a shafin farko na rahoto, kuma kada a canza shi a zagaye na gaba sai an bayyana.

Kamfanin gwaji

Ba a kwatanta mai shago a Kantin Kwari da mai masana'antar roba a Sagamu. Ana ƙirƙiro kamfani guda a takarda, a ɗauke shi a dasa a kowane birni, a ga abin da zai same shi. Haka Bankin Duniya ya riƙa yi a rahotonsa na Doing Business: kamfani mai rajista, mallakar 'yan ƙasa, mai ma'aikata 10 zuwa 50, sito mai hawa biyu mai faɗin kusan murabba'in mita 1,300, haɗin wuta mai ƙarfin kVA 140. Amfanin wannan shi ne duk bambancin da ya fito, daga garin ya fito. Illarsa kuwa, yawancin masu kasuwanci a arewa ba su yi kama da wannan kamfani ba.

Saboda haka ya fi kyau a tsara kamfanoni uku. Na farko ƙaramin shago ko shagon sana'a mai mutum 2 zuwa 4, yana haya, rajistar suna kawai yake da ita ko ma babu. Na biyu masana'antar sarrafa amfanin gona mai ma'aikata kamar 30, da ke buƙatar fili, taransifoma da rijiyar burtsatse. Na uku ɗan kasuwar sari da ke shigo da kwantena ɗaya mai ƙafa 40 kowane wata. A rubuta siffar kowannensu dalla-dalla, har da jarin da kayan da yake sarrafawa, domin mai tattara bayani a Zariya da na Bauchi su yi tambaya iri ɗaya.

Wuta

Nan ya kamata a fi daɗewa, don nan kuɗin masana'anta ke zurarewa. Kada a tambayi mutum "yaya wuta a garinku?" Wuta ba ta gari ba ce, ta layi ce. Hukumar NERC mai sa ido kan harkar wutar lantarki ta kasa layuka rukuni biyar: Band A aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Masana'antu biyu a Sharada ko Challawa a Kano na iya zama kan layuka daban, rayuwarsu ta bambanta kamar ba gari ɗaya suke ba. Kuma rukunin alkawari ne; abin da aka samu a zahiri sai an auna.

A zaɓi layuka 5 zuwa 10 da ke ciyar da unguwannin masana'antu da manyan kasuwanni. A kowanne a saka ƙaramar na'urar da ke rubuta lokacin zuwan wuta da ɗaukewarta, ko a ba mai gadi littafi da agogo, har kwana 30. Abubuwa uku ake so: jimillar awanni a rana, yawan ɗaukewa, da awannin da suka faɗo tsakanin ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma. Na biyun ne mutane ke mantawa. Awa 16 a jere da awa 16 da aka yanka gida tara ba ɗaya ba ne ga mai narka roba, domin kowace ɗaukewa tana daskarar da kayan da ke cikin inji. Na ukun kuwa, wutar da ke zuwa ƙarfe ɗayan dare ba ta amfani mai walda. A yi awon sau biyu, ɗaya a tsakiyar zafi wajen Afrilu, ɗaya da damina lokacin da iska ke kayar da turaku.

Sai a fitar da ainihin farashin wuta. Janareto mai dizal da ke aiki da kaya daidai ƙarfinsa yana shan kusan lita 0.3 a kowane kilowat na awa ɗaya. Idan ya fi ƙarfin aikin da aka ɗora masa, ya fi haka sha. A ɗauka, don misali kawai, lita tana naira 1,500: man kaɗai naira 450 ke nan, kafin gyara da lalacewar inji. In wutar gwamnati tana naira 225, farashin da aka sanya wa Band A a Afrilun 2024, kuma masana'anta na samun kashi 70 na buƙatarta daga layi, sauran 30 daga janareto, to farashinta na gaskiya kusan naira 293 ne. Wadda ke samun kashi 40 kacal daga layi a wannan farashi tana biyan naira 360. Wannan lambar ce ake kwatantawa. Hukumar ƙididdiga ta NBS tana fitar da farashin dizal na kowace jiha wata-wata, sai a ɗauka daga can.

A lura kuma cewa makin wuta ba duka na gwamna ba ne. Kamfanin KEDCO ke raba wa Kano, Katsina da Jigawa wuta. Kamfanin Kaduna ke riƙe da Kaduna, Sakkwato, Kebbi da Zamfara. Gombe da Bauchi suna ƙarƙashin na Jos. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta buɗe wa jihohi ƙofar tsara kasuwar wutarsu, amma rahoto mai adalci zai raba abin da ke hannun jiha da wanda ba ya hannunta.

Fili, haraji, hanya, kotu

Dokar filaye ta 1978 ta ɗora filayen birni a hannun gwamna, kuma sauya mallaka ko jinginar da fili ga banki na buƙatar amincewarsa. Don haka agogon awo yana farawa ranar da aka miƙa takardu, ba ya tsayawa sai ranar da takarda mai sa hannu ta fito. Ofisoshi da yawa suna ƙirga kwanakin da fayil ya yi a teburinsu kawai, su bar makonnin da ya yi yana jiran sa hannu a sama. A nemi rajistar fayiloli daga hukumar filaye, irin KADGIS a Kaduna ko KANGIS a Kano, a ɗauki fayil 50 ba tare da zaɓe ba daga cikin waɗanda aka buɗe watanni 18 da suka wuce. Daga waɗanda aka buɗe, ba waɗanda aka kammala ba: in aka ɗauko daga kammalallu, duk fayilolin da suka maƙale sun ɓace daga lissafi, ofishi ya fito fes. Kuɗin kuma a rubuta shi a matsayin kaso na darajar filin.

A haraji, hanya mafi inganci ita ce tattara rasit. A roƙi masu shaguna 30 a kowane birni su fito da duk rasit na shekara: na jiha, na ƙaramar hukuma, na shara, na allon talla, na lasisin shago, na hukumar kasuwa, na ƙungiya. A shimfiɗa su a tebur a ƙirga masu karɓa nawa ne, sau nawa aka zo, nawa aka biya. A gwada da jerin harajin da dokar jihar ta amince da su. Abin da ba ya cikin jeri a ware masa gurbi. Abin da aka biya ba rasit kuwa ba a tambayarsa kai tsaye, don babu mai son cewa ya bayar da na goro. Ana cewa: "Masu sana'a irin taku, in ma'aikata suka zo, kamar nawa sukan kashe kafin a rabu lafiya?" Haka binciken kamfanoni na Bankin Duniya ke zagaye tambayar.

Hanya ana auna ta da kuɗin ɗaukar kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas zuwa ƙofar sito, da kwanakin da ta yi, daga bakin masu dakon kaya aƙalla biyar a mako guda. A sa mutum ya bi tirela da littafi, ya rubuta kowane shinge, minti nawa aka tsaya, me aka bayar. Tashar kwantena ta tsandauri ta Kaduna da aka buɗe a 2018 da ta Dala a Kano da aka buɗe a 2023 ba sa samun maki don suna nan. Ana tambayar kwantena nawa aka sallama a cikinsu a watanni shida da suka wuce.

Kotu: kwanaki daga shigar da ƙarar bashi zuwa ranar da kuɗi ya shiga hannu, ba ranar hukunci ba. Inda akwai kotun ƙananan basuka, a duba nata rajistar daban. A ƙara tambaya ɗaya game da sulhun shugabannin kasuwa, domin a kasuwar Singa ko ta Dawanau rigingimu da yawa a ofishin ƙungiya suke mutuwa.

Takarda daban, ƙasa daban

Awo iri biyu ne, kuma haɗa su a tukunya ɗaya yana ɓata miya. Akwai abin da doka ta ce, wanda lauyoyi da ma'aikata ke faɗa. Akwai abin da ya faru, wanda 'yan kasuwa ke faɗa. Masana tattalin arziki Mary Hallward-Driemeier da Lant Pritchett sun gwada biyun a ƙasashe masu tasowa, suka ga kwanakin da kamfanoni ke cewa sun kashe wajen samun izini sau da yawa ba su kai na takarda ba, kuma tazarar da ke tsakanin kamfanoni a ƙasa ɗaya tana da faɗi ƙwarai. Wanda ya san wani yana gamawa a mako, wanda bai san kowa ba yana shekara. Don haka kada a ba da matsakaici kaɗai. A jera amsoshi daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki na tsakiya, sannan a ɗauki na wanda ke kusa da ƙarshen layi, wato wanda mutum 9 cikin 10 suka riga shi gamawa. In na tsakiya kwana 20 ne, na ƙarshen layi 200, garin na masu uwa a gindin murhu ne, kuma baƙon mai jari a ƙarshen layi zai tsinci kansa.

Yawan waɗanda za a tambaya lissafi ne. Da kamfani 100 a birni, amsar "e" ko "a'a" tana iya karkacewa da kusan maki 10 sama ko ƙasa. Da 400, kusan maki 5. Ma'ana, in birni ɗaya ya samu kashi 46, ɗayan 52, kuma mutum ɗari-ɗari aka tambaya, ba a isa a ce wani ya fi wani ba. A kasa kamfanonin bisa girma: ma'aikata 5 zuwa 19, 20 zuwa 99, 100 zuwa sama, a ƙara rukunin 'yan ƙasa da 5 da marasa rajista. Kada a karɓi jerin sunaye daga ma'aikatar kasuwanci ko ƙungiyar 'yan kasuwa kawai, don 'yan gaban goshi za a miƙo. A raba taswirar gari kashi-kashi, a zaɓi wasu da ƙuri'a, a bi layi-layi a rubuta duk wata sana'a da ke ciki. A tabbatar akwai mata cikin masu tambaya, in ba haka ba sana'o'in cikin gida, daga ƙuli-ƙuli zuwa ɗinki, ba za su shiga lissafi ba.

Tambayar ra'ayi, irin "ka gamsu da hanyoyin garinku, daga 1 zuwa 10?", tana da tarko. Mutum da abin da ya saba yake aunawa. Ɗan kasuwar ƙaramin gari da aka yi wa sabuwar kwalta zai ba da 9, na Legas da ke da tashar jiragen ruwa a bayan gida zai ba da 4 saboda cunkoso. Wannan na cikin dalilan da ke sa jerin da ya dogara da ra'ayi ya ɗaga garuruwan da masu jari ba sa tururuwa zuwa cikinsu. Akwai kuma waɗanda ba za a taɓa tambaya ba: masana'antun da suka rufe, da waɗanda suka duba garin suka wuce. A ƙirga rufaffun ƙofofin masana'antu a Bompai ta Kano ko Kakuri ta Kaduna a rubuta.

Mayar da lambobi maki

Kwanaki, naira da awanni ba sa haɗuwa sai an mayar da su sikeli ɗaya, 0 zuwa 100. A tsayar da mafi kyau da mafi muni. A cire sakamakon birni daga mafi muni, a raba da tazarar mafi muni da mafi kyau, a ninka da 100. In mafi sauri kwana 30 ne, mafi jinkiri 180, birnin da ya yi 75 ya samu 105 a raba da 150, wato maki 70. Gari ɗaya da ya yi mummunan jinkiri na iya matse sauran duka a sama, don haka a yanke mafi muni a wani mataki, duk wanda ya wuce shi sifili. Kuma a daskarar da waɗannan iyakoki na shekara biyar, in ba haka ba makin gari zai faɗi don kawai maƙwabcinsa ya gyara.

Nauyin da za a ba kowane ma'auni hukunci ne na mai awo, kuma a fito da shi fili. Raba daidai ya fi sauƙin karewa, amma yana nufin rajistar kamfani, da ake yi sau ɗaya kuma a hannun hukumar tarayya ta CAC take, ta yi nauyi ɗaya da wutar da ake biya kullum. Gara kowane kamfanin gwaji ya samu nasa nauyi bisa kason abin a kuɗin da yake kashewa. Daga nan a jijjiga lissafin: a ƙara wa kowane nauyi kashi 10, a rage, a cire ma'auni ɗaya-ɗaya, a ga ko jerin ya tsaya. In na 3 ya koma na 9 don an ɗan taɓa nauyi, to a daina lamba, a fitar da rukuni uku: na gaba, na tsakiya, na baya. Rahoton Bankin Duniya na jihohin Najeriya na 2018, da ya duba jihohi 36 da Abuja a fannoni huɗu, ya nuna babu jihar da ta yi fice a duka. Teburin fanni-fanni ya fi jimilla faɗa wa gwamna inda zai sa hannu.

In za a tsallaka iyaka

Kwatanta Katsina da Maraɗi, ko Kano da Damagaram, na buƙatar ƙarin kula. Sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro, naira kuwa an sake ta kasuwa ta yanke farashinta a Yunin 2023, saboda haka kuɗin da aka mayar dala zai nuna canjin da ba ruwansa da garin. A auna kuɗi da albashin lebura na rana a garin, ko da kason darajar kayan. Nijar tana bin dokar kasuwanci ta OHADA, wadda wasu ƙasashen Afirka ke bi tare, matakan rajistarta da sunayen takardunta daban ne, sai a daidaita su bisa aikin da kowace takarda ke yi. A rubuta halin da iyaka ke ciki a watan awo: rufewar Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sun canza farashin dako da na kaya a ɓangarorin biyu, kuma awon da aka yi a irin wannan lokaci ba a jera shi da na lokacin da hanyar Jibiya ke buɗe.

Kare awon daga masu son maki

Da zarar jeri ya yi suna, gwamnatoci sukan koma gyara abin da ake aunawa kawai. Daga rahoton 2015 Doing Business ya riƙa auna Najeriya da Legas da Kano kaɗai, ƙasar ta tashi daga ta 169 a rahoton 2017 zuwa ta 131 a na 2020, alhali mai shago a Gusau ko Yola bai shiga lissafin ba ko sau ɗaya. A Satumbar 2021 Bankin Duniya ya dakatar da rahoton gaba ɗaya, bayan bincike ya gano an sauya alƙaluman China, Saudiyya, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Azabaijan. A 2024 ya fito da sabon tsari mai suna B-READY, wanda ke haɗa bayanan masana da na kamfanoni. Tun da shirin SABER na Bankin Duniya, mai dala miliyan 750, ya fara ba jihohin Najeriya kuɗi bisa gyare-gyaren da suka nuna, sha'awar kyautata takarda ta ƙaru.

Magani a tsarin aiki yake. Wanda ke ba gwamnati shawarar gyara kada ya zama shi ke ba ta maki. A ba kowace jiha mako biyu ta ga alƙalumanta ta kawo ƙorafi da hujja a rubuce, a buga ƙorafin da amsarsa. Doka ko shafin intanet da aka ƙaddamar ba ya samun maki sai an ga fayilolin da suka bi ta cikinsa. Mai duba aiki ya sake kiran kashi 10 na waɗanda aka tambaya, a duba wurin da wayar mai tambaya ta nuna da mintunan da hirar ta ɗauka. Hirar minti 40 da aka gama a minti 8, to a gindin bishiya aka cike ta. A saki ɗanyen bayanai bayan an goge sunaye da adireshi. A maimaita awon duk shekara biyu, a wata iri ɗaya, a kauce wa azumi, makon sallah da watannin zaɓe, a kuma riƙe aƙalla rabin kamfanonin zagayen baya domin a ga abin da ya canza a kansu su ɗin.